Olsar da Ba Ta Warkewa

Da wuya a shiga gida a ƙasar Hausa a yau a rasa mai olsa. Idan aka kawo tuwo da miya mai yaji, sai a ji wani ya ce a canza masa domin shi mai olsa ne; idan azumi ya ƙarato, sai a ga mutane a kemis suna tanadin maganinta kamar yadda ake tanadin gero da sukari; ɗalibar makarantar kwana kuwa takan dawo gida da ita tamkar wata shaidar cewa ta sha wahalar karatu. Ciwon ya zama laƙabin da mutum ke ɗauka har kabarinsa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a cikin duk masu olsar da na sani, ƙalilan ne ƙwarai aka taɓa yi wa wani gwaji kafin a liƙa musu sunan. Galibinsu mai kemis ne ya faɗa musu, ko wata maƙwabciya da ta ji bayanin ciwon ta ce ai irin nata ne sak, ko kuma ma'aikacin asibiti da ke da mutum hamsin suna jiransa a bakin ƙofa, wanda da jin "ƙirjina yana zafi" ya fara rubuta magani kafin mara lafiya ya kai ƙarshen maganarsa.

Abin da nake gani shi ne mun ɗauki tsamin ciki a matsayin abokin gaba, muna ta kashe shi safe da yamma, ba tare da mun tsaya mun tambayi abin da ya sa ya yi yawa ko abin da ya sa hanji ya kasa jure masa ba. An bar jaki ana dukan taiki. Kuma domin a ga dalilin da ya sa na faɗi haka, dole a fara leƙa abin da ke faruwa a cikin cikin kansa, musamman a wurin da tumbi ke juye kayansa cikin ƙaramin hanji, domin a nan ne rikicin yake.

Duk macen da ta iya miyar yakuwa ta san rabin wannan ilimi tun kafin likita ya buɗe baki. Yakuwa tana da tsamin da ke kashe haƙora, saboda haka sai a jefa mata 'yar kanwa ko a ɗiga ruwan toka, nan take tukunya ta taso da kumfa, tsamin ya kwanta. Idan kanwar ta yi kaɗan ba a iya cin miyar, idan kuma ta yi yawa an ɓata ta. Irin wannan awo ne jikin ɗan Adam yake yi sau da yawa a kowace rana ba tare da mai jikin ya sani ba.

Tumbin mutum yana fitar da ruwan narkar da abinci kimanin lita 1.5 zuwa 2 a yini, kuma ƙarfin wannan ruwa yana cikin wani asid da ake kira haidirokilorik, wanda masanin nan ɗan Ingila William Prout ya tabbatar da samuwarsa a tumbi tun a shekarar 1823. A ma'aunin tsami da masana ke kira pH, inda 7 take tsaka-tsaki kuma duk abin da ya sauka ƙasa da ita tsami ne, ruwan tumbi yakan kasance tsakanin 1 da 3, wato ya kai ruwan lemon tsami ko ma ya fi shi. Allah bai halicci wannan a banza ba. Tsamin ne ke warware nama da wake da ƙwai, ya kuma tayar da sinadarin fefsin da ke daddatsa su. Shi ne ke ɓamɓare bitamin B12 daga jikin abinci, ya kuma gyara sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye da hatsi yadda hanji zai iya tsotse shi don gina jini. Bayan haka shi ne mai gadin ƙofa, domin mafi yawan ƙwayoyin cutar da muke haɗiyewa cikin ruwa da abinci a nan suke halaka. An daɗe da sanin cewa mutumin da tsamin cikinsa ya yi rauni, ƙwayoyin kwalara kaɗan sun isa su kwantar da shi, alhali mai cikakken tsami sai ya haɗiyi masu ɗimbin yawa kafin su fi ƙarfinsa. A ƙasar da damina ba ta cika wucewa ba tare da an ji ɓarkewar amai da gudawa a wani yanki ba, bai kamata a sallami irin wannan mai gadi da wasa ba.

Tumbi yana iya zama da wannan wuta ne saboda an shafe bangonsa da yauƙi mai kauri. Ƙaramin hanji kuwa, wanda tsawonsa ya kai kusan mita 6, an yi shi ne don tsotsa, saboda haka fatarsa siririya ce, lulluɓe da wasu 'yan ƙananan tsiro masu kama da gashin tawul waɗanda ta nan abinci ke shiga jini. Tsakanin waɗannan biyu akwai wani ɗan guntun sashe mai tsawon kusan santimita 25, wanda likitocin dauri suka auna shi da faɗin yatsu goma sha biyu, har adadin ya zama sunansa a Latin da kuma Larabci. Likitocinmu suna ce masa diyodinam, ni kuwa zan kira shi zauren hanji, domin duk abin da ya fito daga tumbi sai ya tsaya a nan an gyara masa zama kafin ya shiga cikin gida.

Yadda zauren ke sanin cewa tsami ya iso yana da labari mai daɗi. A shekarar 1902 wasu masana biyu a Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka ɗauki wani sashe na hanjin kare suka yanke duk jijiyoyin saƙon da ke haɗa shi da sauran jiki, sannan suka zuba masa asid. Duk da haka sai suka ga fankiriyas, wato gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi wadda masu ciwon sukari suka sani saboda ita ke samar da insulin, ta fara zubo ruwanta. Tun da babu jijiya, ashe ta cikin jini saƙon ya bi. Suka kira wannan ɗan aike sikiritin, kuma shi ne homon, wato sinadarin da ke kai saƙo ta cikin jini, na farko da aka fara ganowa a tarihin likitanci. Ruwan da fankiriyas ke aikowa, fiye da lita guda a yini, cike yake da sinadarin baikabonet, wanda yana cikin abubuwan da suka haɗu suka yi kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga. Wato dai kowannenmu yana yawo da kanwarsa a cikin jiki. Sikiritin ɗin kuma yana komawa baya ya ce wa tumbi ya rage tsami, ya kuma sassauta juyewa, ta yadda ƙofar da ke tsakaninsu ba za ta riƙa sakin abinci ba sai kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da kanwar za ta iya kashewa.

To, idan tsamin ya fi ƙarfin kanwar fa? Ɓarna ta farko a bangon zauren take sauka. Fatar ta yi ja ta kumbura, sannan ta ɗaye, sannan ta zama gyambo, kuma irin wannan gyambo yana da halin da duk mai shi ya sani: ciwo a tsakiyar ciki daga sama, awa biyu ko uku bayan cin abinci, ko kuma tsakar dare ya tashi mutum daga barci, da zarar an sa wani abu a baki sai ya lafa. Daga nan ne muka samo imanin cewa yunwa ce ke kawo olsa. Abin da ke faruwa shi ne, idan akwai abinci a tumbi yana shanye tsamin, ƙofar kuma tana rufewa, sai gyambon ya sami hutu. Idan tumbi ya zama wayam sai tsagwaron asid ya riƙa gangarowa kan raunin. Yunwa tana tsokanar gyambon da yake nan tuni, kamar yadda gishiri ke yi wa yankan wuƙa, kuma babu mai cewa gishiri ne ya yanke shi.

Ɓarna ta biyu ita ce wadda mutane ba su cika ji ba, kuma a kan narkewar abincin kanta take. Sinadaran da fankiriyas ke aikowa don narkar da abinci ba sa aiki cikin tsami. Wanda ke narkar da maiƙo, mai suna lifes, ya fi kowa rauni, domin idan ma'aunin ya sauka ƙasa da 4 lalacewa yake yi gaba ɗaya ba ya farfaɗowa. Haka nan ruwan maɗaciya da hanta ke aikowa, wanda aikinsa shi ne farfasa mai ya zama ƙananan ɗigo kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon miya, idan ya haɗu da tsami mai yawa sai ya dunƙule ya kwanta. Sakamakon haka sai man gyaɗa da manja da kitsen nama su ratsa hanji ba a tsotse su ba, su tafi da bitamin ɗin da ke narkewa cikin mai, mutum ya riƙa yin bahaya mai maiƙo, fari-fari, mai tsananin wari, wanda ke tasowa saman ruwa. Ga kuma yawan ruwan da tumbi ke ambaliya da shi, ga gashin tawul ɗin nan da tsami ya ƙone har ya daina tsotsa yadda ya kamata, sai zawo ya zauna, mutum yana ci yana ramewa.

Gaskiya ita ce wannan hoto na biyu, a cikakkiyar siffarsa, ya fi bayyana ne a wata cuta da ba a cika samu ba, wadda likitocin fiɗa biyu, Robert Zollinger da Edwin Ellison, suka bayyana a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka a shekarar 1955. Wani ɗan ƙari ne ke fitowa a zauren hanji ko a fankiriyas, ya riƙa zuba homon gastirin cikin jini ba ƙaƙƙautawa, shi kuwa gastirin aikinsa shi ne umartar tumbi ya fitar da asid. Cikin mutum miliyan guda, waɗanda take kamawa a shekara ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, saboda haka kada mai karatu ya tsorata. Na kawo ta ne domin tana nuna iyakar abin da tsami zai iya yi wa hanji, kuma domin mutumin da gyambonsa ke dawowa a kai a kai, tare da zawo da rama, bai kamata a ci gaba da miƙa masa irin ƙwayar da aka miƙa wa kowa ba.

Ga mafi yawanmu kuwa, masu laifin biyu ne, kuma an san su. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai siffar murɗaɗɗen zare da ake kira Helicobacter pylori. Har zuwa farkon shekarun 1980 likitocin duniya sun ɗauka babu abin da zai iya rayuwa cikin tsamin tumbi, kuma suna ɗora laifin gyambo a kan damuwa da yaji, daidai yadda muke yi har yau. Wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su ne suka fito da ƙwayar a 1982, kuma da aka ƙi yarda da su sai Marshall ya ɗaga kofi ya shanye ruwan da ya rene ta a ciki a 1984, cikin 'yan kwanaki ya kama amai, aka leƙa tumbinsa aka tarar ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Dabarar ƙwayar ita ce ta nutse cikin yauƙin bangon tumbi ta kewaye kanta da sinadarin amoniya mai kashe tsami. Idan ta yi sansani a ƙasan tumbi kusa da ƙofa, sai ta raunana ƙwayoyin halittar da aikinsu shi ne taka wa gastirin burki, sai asid ya ƙaru, ya yi ta dukan zauren hanji har fatarsa ta fara rikiɗewa ta koma irin ta tumbi don kare kanta, ita kuma ƙwayar sai ta sami sabon mazauni ta tare a wurin, ta ƙarasa ɓarnar. Wani abin lura kuma shi ne, idan ta bazu a jikin tumbin duka, rage tsamin take yi. Ke nan akwai masu kukan olsa da yawa waɗanda tsamin cikinsu bai ma kai na kowa ba, amma kullum suna cikin shan maganin kashe shi.

Wannan ƙwaya kuwa gidanta ne a nan. Wani likita ɗan Birtaniya, Chris Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya wallafa tare da abokan aikinsa a 1992 cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na mutanen da suka gwada a arewacin Najeriya suna ɗauke da alamarta a jini, kuma wani babban nazari da ya tattara alƙaluman ƙasashen duniya a 2017 ya ƙiyasta Najeriya a kusan kashi 88, a sahun gaba cikin ƙasashen da aka duba. Galibi tun ana yara ake ɗaukarta, a cikin gida, inda ake da cunkoso da ƙarancin tsabtataccen ruwa. Tun 1994 kuma hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar tumbi.

Mai laifi na biyu a kan teburin kowane kemis yake. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, birkila ne, wanda ya shafe shekaru bakwai ana kiransa mai olsa. Kullum bayan magariba, idan ya dawo daga wurin gini, sai ya biya ta kemis ɗin unguwa a ƙulla masa haɗi a 'yar farar leda, ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban, babu kwali babu suna, wai na gajiya. Idan ciki ya taso masa da dare kuma sai ya miƙa hannu ƙarƙashin gado ya kurɓi farin maganin nan na ruwa mai ɗanɗanon alli. Wata rana na ce masa, "Kawu, wannan haɗin da kuke sha kullum, kun kuwa san abin da ke cikinsa?" Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, in ban sha ba, gobe wa zai ɗaga mini bulo?" Ban sami amsar ba shi ba, domin tambayarsa tana da nauyi. Bayan 'yan watanni bahayarsa ta koma baƙa ƙirin kamar kwalta, ya yi shiru bai gaya wa kowa ba har kwana huɗu, saboda a wurinsa wannan ba zancen da dattijo zai yi da iyalinsa ba ne, har sai da jiri ya kayar da shi a wurin aiki. Leda uku ta jini aka ƙara masa. Da aka zura masa bututun nan mai kyamara ta baki, sai ga gyambon a zauren hanji yana tsiyayar jini, kuma gwaji ya nuna yana da ƙwayar cutar. A cikin shekaru bakwai ɗin nan babu wanda ya taɓa tambayarsa ko yana shan maganin ciwon jiki.

Abin da ke cikin irin wannan haɗi yawanci diklofenak ne da ibufurofen da firoksikam da asfirin, wani lokaci biyu ko uku a ƙulli guda alhali duk aikinsu ɗaya, wani lokaci har da dekzametason. Suna kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki samar da wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, kuma waɗannan sinadarai su ne ke sa bangon tumbi da na zauren hanji su fitar da yauƙi da baikabonet, su kuma sami isasshen jini. A nan tsamin bai ƙaru ba, kanwar ce aka kwashe, kuma sakamakon ɗaya ne. Idan aka haɗa su da ƙwayar cutar a ciki guda, kamar yadda ya faru da kawuna, hatsarin ya ninka. Taba ma tana rage baikabonet ɗin da fankiriyas ke fitarwa, tana kuma jinkirta warkewar gyambo. Barkono da muke ta zargi kuwa, iyakarsa ya tsananta zafi ga wanda yake da rauni.

Idan aka dubi magungunan da muka dogara da su ta wannan fuska, sai a ga inda kowannensu ya gaza. Madara da nono suna sanyaya ciki na ɗan lokaci, amma furotin da kalsiyam da ke cikinsu suna zuga gastirin, sai tsamin ya dawo bayan awa ɗaya ko biyu. Turawa ma sun bi wannan hanya: a 1915 wani likita a Shikago mai suna Bertram Sippy ya ƙirƙiro tsarin ba masu gyambo madara duk bayan awa guda tare da garin kashe tsami, aka yi shekaru ana binsa, har aka gano yana cika jini da kalsiyam yana taɓa ƙoda. Jiƙon kanwa da wasu ke sha yana kashe tsami nan take, wannan gaskiya ne, sai dai yana cika ciki da iska, kuma gishirin sodiyam da ke cikinsa ba abokin mai hawan jini ba ne. Masu lasifika a kasuwa da ke tallar maganin olsa sha yanzu magani yanzu kuwa, ciwon da ke lafawa da kansa ya dawo bayan watanni shi ne jarinsu.

Ba na cikin masu aibata omifirazol da 'yan'uwansa, wato magungunan da ke hana tumbi fitar da asid da yawa. Kafin simetidin ya fito a 1976, sannan omifirazol a ƙarshen shekarun 1980, likitocin fiɗa yanke wa mutane sashen tumbi suke yi ko su datse jijiyar da ke umartarsa, don kawai a rage asid. Waɗannan magunguna sun ceci rayuka masu yawa, suna warkar da gyambo cikin makonni, kuma likita yakan haɗa su da maganin ciwon jiki da gangan don kare cikin wanda ba shi da makawa sai ya sha. Damuwata ita ce shan su shekara da shekaru ba tare da an san abin da ake magani ba. Idan ƙwayar cutar tana nan, gyambon zai warke ya sake dawowa, kuma kafin a fara kashe ta fiye da rabin masu gyambon zauren hanji yakan dawo musu cikin shekara guda, alhali bayan an kashe ta abin bai kai ɗaya cikin goma ba. Wanda ya daɗe yana shan maganin kuma ya bari farat ɗaya, tumbinsa yakan rama da ambaliyar asid na 'yan makonni, shi kuwa sai ya ce ai ga shi nan olsar ta tashi, ya koma kemis. Ga raguwar B12 da ƙarfe da magniziyam ga wanda ya daɗe a kai, abin da ya kamata a yi la'akari da shi a wurin matan da jininsu dama bai cika ba. Mafi muni, maganin yana iya rufe alamun sankarar tumbi har lokaci ya ƙure, kuma sau da yawa dattijo mai hawan jini da ya dafe ƙirji yana gumi aka ce olsarsa ce ta motsa, zuciyarsa ce ke neman agaji.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce talaka da ke neman na tuwo ina ya ga kuɗin gwaji, kuma a ƙasar da takwas cikin goma ke ɗauke da ƙwayar, ai kusan kowa aka gwada za a samu, sai a ɗura wa al'umma magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili. Gaskiya ne cewa mafi yawan masu ɗauke da ita har su mutu ba za ta yi musu gyambo ba, waɗanda take yi wa ba su wuce ɗaya ko biyu cikin goma ba. Gaskiya ne kuma cewa da yawa daga cikin masu kukan olsa ƙwannafi ne ke damunsu, ko wani rikicin ciki da ko an leƙa ba a ganin rauni, kuma su kashe ƙwayar ba lallai ya raba su da ciwon ba. Haka nan filajil da muke sha kamar gyaɗa duk lokacin da ciki ya murɗa ya sa ƙwayar ta saba da shi a yawancin ƙasashen Afirka. Amma duk wannan yana nuna a yi gwajin da hankali ne, a yi wa wanda yake da alamun ciwo, a ba shi cikakken magani na kwana 14 a ƙarƙashin kulawar likita, ya kuma shanye shi duka ko da ya ji sauƙi a rana ta biyar. Batun kuɗi kuwa, duk wanda ya tara abin da ya kashe a kemis cikin shekara biyar zai ga wanne ya fi tsada, ballantana a kai ga kuɗin jini da na fiɗa idan gyambon ya ɓula ciki ya sandare kamar katako, ko tabonsa ya toshe ƙofar tumbi mutum ya riƙa amayar da abincin jiya.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin hukuma ba. Gwajin bahaya da ke gano ƙwayar ba ya buƙatar babbar na'ura, kuma ya kamata a same shi a asibitocin sha-ka-tafi kamar yadda ake samun gwajin maleriya, a kuma daina dogaro da gwajin jini da ake yawan yi, domin shi ba ya bambance wanda ƙwayar ke jikinsa yanzu da wanda ya rabu da ita tun da daɗewa. Hukumar da ke ba masu kemis lasisi ta tsaya a kan ƙa'idar sayar da magani cikin kwalinsa na asali, domin haɗin leda shi ne ke sa mutum ya sha diklofenak shekara bakwai bai taɓa jin sunansa ba. Su kuma masu kemis, waɗanda a unguwanni da ƙauyuka da yawa su ne likitan farko kuma na ƙarshe, a koya musu cewa kafin su miƙa maganin olsa su tambayi mai saye ko yana shan na ciwon jiki, su kuma tambaye shi launin bahayarsa ba tare da jin nauyi ba. Wanda ya ce baƙa ce, ko yana aman jini ko wani abu mai kama da dusar kofi, ko abinci yana tsaya masa a maƙoshi, ko yana ramewa ba dalili, asibiti za a tura shi a ranar.

Ga masu fargabar azumi saboda olsa kuma, lissafin kalanda ne. Gwajin ba ya fitowa daidai sai an yi mako biyu ba a sha omifirazol ba, da wata guda ba a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Idan an samu ƙwayar, magani kwana 14 ne, sannan a jira aƙalla mako huɗu a sake gwadawa don a tabbatar ta mutu. Idan aka haɗa duka kusan wata biyu ke nan, wato wanda yake so ya shiga Ramadan da lafiyayyen hanji, da ganin watan Rajab ya kamata ya je asibiti. Kawuna a Rajab ɗin da ya biyo bayan faɗuwarsa aka yi masa gwaji na biyu, kuma a shekarar ya kai azumi talatin. Har yanzu yana ƙorafin cewa farasitamol ba ya kashe masa gajiya kamar haɗin da.